Kiwon Tsutsa a Gida Domin Ƙananan Kifaye

Wata safiya ɗana na fari ya shigo da gudu yana haki, ya ce, "Baba, zo ka gani! Ƙwan kifinmu ya ƙyanƙyashe!" Na bi shi zuwa falo, inda muka ajiye akwatin gilashi na kifi wanda wani abokin aikina ya bar mana sa'ad da aka canja masa wurin aiki. Na duƙa, na ƙura ido. Da ƙyar na gan su, gama kowannensu bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, jikinsu kuwa garai-garai kamar ruwa, sai baƙaƙen idanu biyu. Muka ƙirga wajen 30.

Muka kwashe su da cokali zuwa wani ƙaramin akwati don kada manyan su cinye su. Yaron ya niƙa busasshen abincin kifi na gwangwani ya yi laushi, yana barbaɗa musu safe da yamma, bai taɓa fashi ba. Amma kullum gari ya waye sai mu tarar da waɗansu sun mutu. Bayan kwana 8 saura 4 kaɗai. Ya dube ni da hawaye ya ce, "Baba, me na yi musu?" Ni kuwa ba ni da amsa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda ya daɗe yana kiwon irin waɗannan kifaye. Muka je wurinsa. Da ya gama jin labarin ya ce wa yaron, "Ɗana, ba ka yi laifi ba. Yunwa ce ta kashe su, ga abinci kuwa a bisa kansu." Ya shiga ɗaki ya fito da wata ƙaramar roba, ya ɗibar mana cokali ɗaya na wani abu mai kama da kunu mai tsami. Ya ce, "Ku ɗauka ku duba a hasken rana." Muka duba, sai ga fuskar kunun tana ƙyalƙyali, tana motsi. Ashe dubban tsutsotsi ne ƙanana. Abin da muka koya tun daga ran nan shi ne nake so in ba masu karatu.

Me ya sa sai abinci mai rai?

Ɗan kifi yakan fito daga ƙwai da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa. Ita ce guzurinsa na 'yan kwanakin farko, a waɗansu iri ma ba ta kwana biyu. Da ta ƙare, dole ya nemi abinci da kansa. Da ido yake farauta, abin da ya motsa kuma shi yake kai wa cafka. Yawancin 'ya'yan kifayen da ke fitowa daga ƙwai ba su san garin abinci abin ci ba ne. Garin yakan sauka ƙasa ya ruɓe, ya ɓata ruwan, ya fitar da dafi wanda ke ƙona musu jiki. Watau hasara biyu ke nan: ga yunwa, ga ruwa ya lalace.

Tsutsa mai rai tana magance duka biyu. Tana motsi, ɗan kifi ya gan ta ya kama. Wadda ba a ci ba kuma takan daɗe da rai cikin ruwan, ba ta ruɓewa nan da nan. Manyan kifaye ma sukan ƙara kyan launi, matan kuma su cika da ƙwai, in ana haɗa musu da abinci mai rai.

Inda aka fara

Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon jan kifi domin ado a tafkuna da manyan kwanuka. Amma akwatin gilashi irin na yau daga Ingila ya bazu. A shekarar 1853 aka buɗe ɗakin kifaye na farko domin jama'a a gidan namun daji na Landan. A 1854 kuma wani masani mai suna Philip Henry Gosse ya buga littafin da ya sa sunan nan akwariyam ya bi duniya. Daga baya aka yi ta kai ƙananan kifaye masu launi daga ƙasashe masu zafi zuwa Turai da Amurka.

Har daga ƙasarmu an kai. Kifin da ke akwatinmu shi ne wanda masu kiwo ke kira gardneri. Asalinsa ƙananan rafuffuka ne da kududdufai na yankin kogin Binuwai da kogin Kuros, a Nijeriya da Kamaru. Wani masani a Landan, George Boulenger, shi ya raɗa masa sunan a 1911. Tsawonsa wajen santimita 6 ne, namijin kuwa shuɗi ne mai jajayen ɗige-ɗige.

A ƙasashen Turai tafkuna sukan daskare da hunturu, ƙasa ta yi tauri, ba halin a fita neman ƙwari ko tana. Wannan ya tilasta wa masu kifi su koyi kiwon tsutsa cikin ɗaki. Saboda haka waɗansu daga cikin tsutsotsin da suka saba da su na ƙasar sanyi ne. Nan ne ya kamata mu lura ƙwarai: kowace tsutsa da zafin da take iya jimrewa. Wanda ya zaɓi wadda ta dace da zafin gidansa, ya yi rabin aikin.

Tsutsar kunu

Wannan ita ce wadda dattijon ya ba mu. Masana suna kiranta Panagrellus redivivus. Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya rubuta labarinta tun 1767, gama akan same ta cikin kullun garin alkama da ake manna littattafai da shi in ya yi tsami. Babbarta ba ta wuce milimita 2 ba, kaurinta kuwa kamar silin gashi. Ba ta yin ƙwai a waje, haihuwa take yi. 'Ya'yan sukan isa haihuwa cikin kwana 3 ko 4, kowace kuma takan rayu wajen mako 3. Abin da ya sa ke nan cokali ɗaya yake cika roba cikin mako guda. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 28 a ma'aunin Salsiyas. Ga yadda ake kiwonta:

1. A sami roba mai murfi, irin ta bota, a wanke ta sarai. A huda murfin da allura wuri 5 ko 6 domin iska.
2. A dama kunu mai kauri da garin ots ko garin masara, ba gishiri, ba sukari, ba mai. A bar shi ya huce sosai. Kunu mai ɗumi yakan kashe irin.
3. A zuba shi cikin robar, zurfinsa kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya.
4. A barbaɗa yisti na burodi kaɗan a kai, abin da yatsu biyu za su ɗauka. Yistin nan da ƙananan halittun da ke tsamar da kunun su ne ainihin abincin tsutsar.
5. A zuba cokali ɗaya na iri a bisa, kada a juya. A rufe, a ajiye a inuwa.

Cikin kwana 3 zuwa 7 za a ga wani fari-fari yana hawa jikin robar. Tsutsotsin ne. A shafo su da gashin kaza ko tsinke mai auduga, a ɗauraye cikin ƙaramin kofi na ruwa, sa'an nan a ɗiga wa kifayen. Kada a ɗebo daga cikin kunun, don zai ɓata ruwan akwati. Tsutsar kunu takan nutse ƙasa, ta rayu a can wajen rabin yini.

Bayan mako 2 zuwa 4 kunun zai tsinke, ya yi duhu, ya fara wari. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Alama ce cewa abinci ya ƙare, ƙazanta ta taru. Kada a jira har a kai nan. Kowane kwana 10 a dama sabon kunu, a ɗebi cokali ɗaya daga saman tsohon a zuba a kai. Da zafin bazara ma sai a riƙa sabuntawa kowane mako.

Tsutsar ruwan tsami

Wannan ta fi ta kunu siranta, ta kuma fi dacewa da 'ya'yan kifi masu ƙaramin baki ƙwarai, kamar na kifin faɗa na ƙasar Tailan. Sunanta a wurin masana Turbatrix aceti. Gidanta ruwan tsamin tuffa ne, wanda 'yan kasuwa ke kira ruwan khal. A sami babbar kwalba, a zuba rabi ruwan tsami, rabi ruwa mai tsabta, a jefa yankan tuffa 2 ko 3, a zuba iri. A rufe bakin da ƙyalle, a ɗaure da zare. Bayan wata guda, in an ɗaga kwalbar a haske, za a ga tsutsotsin kamar hazo suna kaɗawa kusa da sama.

Dole a raba su da tsamin kafin a ba kifi. A cika wata kwalba mai dogon wuya daga babbar, har ruwan ya kai gindin wuyan. A cusa auduga har ta taɓa ruwan tsamin, sa'an nan a zuba ruwa mai kyau a bisa audugar a hankali. Da yake suna neman iska, sai su ratsa audugar su hau cikin ruwa mai kyau. Kashegari a tsotse ruwan saman a ba kifi. Amfaninta biyu ne. Tana iyo a tsakiyar ruwa har kwanaki ba ta mutu ba. Kwalbarta kuma takan yi watanni ba a taɓa ta ba, ba ta lalace ba. Ita ce ajiyar ranar da kunu ya ɓaci.

Tsutsar Girindal

Sa'ad da 'ya'yan kifi suka kai santimita 1 ko fiye, tsutsar kunu ta yi musu kaɗan. Lokacin tsutsar Girindal ya yi. Ta sami sunanta daga wata mata 'yar Suwidin, Misis Grindal, wadda ta ware ta ta fara kiwonta wajen tsakiyar ƙarni na 20. Fara ce, tsawonta wajen santimita 1, 'yar'uwar tana ce ta nesa. Tana yin kyau tsakanin digiri 20 da 26, tana kuma jimre ɗan abin da ya fi haka.

A sami roba mai faɗi, a zuba niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa ko baƙar ƙasa mai laushi wadda ba a taɓa sa mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, zurfin santimita 3 zuwa 5. In ƙasa ce, a gasa ta tukuna ta huce, domin ƙwan ƙwari su mutu. A jiƙa ta, yadda in an matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu kaɗai zai fito. A zuba iri, a sa ɗan gutsuren burodi jiƙaƙƙe ko garin ots kaɗan, a ɗora ɗan gilashi mai goge baki ko faifan roba a kai, a rufe da murfi mai huji. Tsutsotsin sukan taru su manne a ƙarƙashin gilashin. A ɗaga shi, a ɗauraye cikin kofi, a ba kifi.

A ba su abin da za su cinye cikin kwana ɗaya kaɗai. Sabon kiwo yakan ɗauki mako 3 ko 4 kafin a fara ɗiba. Wanda ya yi gaggawa zai cinye irinsa.

Farar tsutsa

Littattafan Turawa sun fi yabon wannan, Enchytraeus albidus. Tsawonta santimita 2 zuwa 3, kiwonta kuwa daidai yake da na Girindal, sai dai ta fi son ƙasa mai zurfi. A tsohuwar Tarayyar Sobiyat har an yi kiwonta da yawa domin ciyar da 'ya'yan manyan kifayen kogunansu. Amma 'yar ƙasar sanyi ce. Ta fi haihuwa tsakanin digiri 10 da 20. In zafi ya haura 25 sai ta daina haihuwa, in ya ƙaru ta mutu. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ba za ta rayu ba sai cikin firji, in wuta ta ɗauke kuma an yi hasara. Mutanen Jos za su iya gwadawa da hunturu. Shawarata ga sauran ita ce su bar ta, su riƙe Girindal.

Tana ta ƙasarmu

Domin manyan kifaye, kamar tarwaɗa da karfasa, ba abin da ya fi tana. A nan mun fi Turawa sa'a. Babbar tanar da masana ke kira Eudrilus eugeniae asalinta Afirka ta Yamma ne, daga nan aka kai ta Amurka da Indiya da waɗansu ƙasashe ana kiwonta. Tana son zafi tsakanin digiri 25 da 30, sanyi ne ke kashe ta. Ƙwanta yakan ƙyanƙyashe cikin wajen mako 2, ɗiyan kuma su balaga cikin mako 6 ko 7.

A sami akwatin katako ko tsohon baho, a huda gindinsa. A shimfiɗa busassun ganyaye, da tsohuwar kashin shanu wadda ta riga ta huce, da ƙasa kaɗan. A jiƙa, a zuba tana daga wurin da ba a yin feshi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye ƙarƙashin itace. A riƙa binne musu ɓawon ayaba da na kabewa da ragowar ganyen miya. Kada a sa mai, ko gishiri, ko barkono, ko nama. Kafin a ba kifi, a ajiye tanar kwana ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar takarda ta fitar da ƙasar cikinta, a wanke, a yayyanka daidai bakin kifin.

Akwai riba ta biyu. Charles Darwin ya yi wajen shekara 40 yana lura da tana, a 1881 ya buga littafi yana nuna yadda take gyara ƙasa. Baƙar ƙasar da ke taruwa a akwatin taki ne mai kyau ƙwarai. Uwargida ta riƙa zuba wa tumatir da alayyafonta.

Kada a ɗebo tsutsar kwata

Akwai wata jar tsutsa siririya da ke taruwa cikin laka inda ruwan ƙazanta ke bi. Turawa suna kiranta tubifeks. Kifaye suna sonta, amma takan zo da ƙwayoyin cuta da dafin da ke cikin lakar. A Turai da Amurka an tabbatar ita ce ke ɗauke da wata cuta mai sa 'ya'yan waɗansu kifayen ruwan sanyi su yi ta juyawa har su mutu. Iyaye su hana yara tonon kwata. Hatsarin ba na kifi kaɗai ba ne, har da yaron da ya sa hannu.

Abokan gāba

Zafi ne na fari. A ajiye robobi a ƙasa, a ɗaki mafi sanyi, kusa da randa. Da bazara a sa su cikin tukunyar ƙasa, a sa ta cikin wata babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da hunturu kuwa bushewa ce matsala, sai a riƙa yayyafa ruwa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi.

Kiyashi da tururuwa sukan kwashe kiwo a dare ɗaya. A ɗora robar cikin faranti mai ruwa, ba za su iya ƙetarewa ba. Ƙananan ƙudaje sukan shiga in hujin murfi ya yi faɗi, sai a toshe shi da auduga. Fumfuna alamar abinci ya yi yawa ne, a cire a rage. In an ga ƙananan ƙwari masu kama da ƙumar kaji sun cika robar Girindal, a ɗebi tsutsotsi kaɗan, a ɗauraye su sosai, a fara sabon kiwo da sabuwar ƙasa. Ranar da za a yi feshin maganin sauro, a fitar da robobin, a kuma rufe akwatin kifin.

Dokar da ta fi duka ita ce wannan: kada a taɓa zama da roba ɗaya. A riƙe 2 ko 3 na kowane iri, a fara su a ranaku dabam dabam, a ajiye su a wurare dabam. Waɗannan tsutsotsi ba su fitowa haka kawai daga kunu ko ruwan tsami, sai da iri. Saboda haka a riƙa ba maƙwabta masu kifi cokali ɗaya. Mu ma da zafi ya kashe mana namu a wata bazara, wurin wanda muka taɓa ba muka koma muka karɓo.

Zaman lafiya a gida

Ran da muka shigo da robar farko, uwargida ta tare mu a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, tsutsa za ka kawo mini cikin ɗaki? Kusa da abincin yara?" Tana da gaskiya ta tambaya. Na bayyana mata cewa waɗannan ba irin tsutsar ciki ba ne, ba su zama a jikin mutum, ba su kuma iya rayuwa in sun bushe. Duk da haka muka yi sharuɗa, har yau kuwa muna bin su. Robobi ba su shiga kicin. Suna da nasu cokali da kofi. An rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace. Ana ajiye su inda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. Kowa ya taɓa sai ya wanke hannu da sabulu. Robar da ta fara wari kuma a binne abin cikinta ran nan, a wanke ta da ruwan zafi.

Wajen ciyarwa, a ba 'ya'yan kifi kaɗan kaɗan sau 2 ko 3 a yini. A dubi cikinsu: in ya ɗan taso, sun ƙoshi. Farar tsutsa da Girindal suna da kitse, saboda haka manyan kifaye su ci su sau 2 ko 3 a mako kaɗai, sauran ranaku a ba su busasshen abinci. Tun suna 'yan makonni a fara haɗa wa ƙananan da garin abinci domin su saba. A riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansu kowane mako.

Bayan wata biyu kifinmu ya sāke yin ƙwai. Wannan karo robobi uku suna jira. Yaron ya shafo tsutsa da gashin kaza, ya ɗiga, muka duƙa muna kallo. Wani ɗan kifi ya tanƙwara jikinsa, ya zabura, ya cafke. Daga cikin 26 da suka ƙyanƙyashe, 21 suka girma. Yaron ya kai wa dattijon nan guda 6 cikin kwalba, ya raba waɗansu ga abokansa.

Iyaye, in akwai akwatin kifi a gidanku, ku ba yaro wannan aiki, amma ku tsaya kusa da shi. Ku fara da tsutsar kunu, gama ita ce mafi sauƙi. Ku kuma fara tun mako 2 kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe, gama ɗan kifi ba zai iya jiran kunu ya nuna ba.